Mun haɗa kuɗi mun sayi FC, yanzu ya canza lambar sirri: wa ke da gaskiya?

Abba Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema don Allah. Ni da wani abokina muka haɗa kuɗi rabi da rabi muka sayi FC, gem ɗin ƙwallon ƙafa na kamfanin EA, a akawun ɗinshi na PlayStation, tunda shi ke da akawun na Ingila. Abin da muka yi da shi, injina ne firamare, saboda unguwarmu sabis ba ya zama, shi kuma yana da intanet mai ƙarfi a shagonshi. Haka muke tun fitowar gem ɗin. Shekaranjiya na kunna sai na ga kwaɗo a kan hoton gem. Na kira shi, wai ƙanenshi ya sayi PS5, shi ya mayar wa gurbin, kuma ya canza lambar sirri don kar a riƙa shiga barkatai. Ya ce ai akawun nashi ne, imel nashi ne. To kuɗina fa?

Sadiq Layout: Wa'alaikumus salam. Wannan ba ta buƙatar dogon bincike. Ya ci amana. Ko ya maido maka gurbinka ko ya ƙirgo maka kuɗinka.

Shamsu Dutsin-Ma: Tsaya tukuna Sadiq. A wajen Sony, kamfanin da ke da PlayStation, Abba ba shi da ko sisi a cikin gem ɗin nan. Mai akawun shi aka sayar wa lasisi, kuma a sharuɗɗansu an hana ka ba wani lambar sirrinka. Yau Abba ya kai musu kuka, abin da za su fara tambaya imel ne da lambar wayar da ake turo wa saƙon tantancewa. Duka biyun suna hannun wancan.

Sadiq Layout: Mu ba kotun Sony muka zo ba. Mutum biyu ne suka yi magana baki da baki a cikin garin Katsina, ɗaya ya saɓa.

Hafsat: Ni fa ban gane firamaren nan da kuke ta faɗa ba. Wani ya yi mani bayani.

Yaya Nura mai gem: Bari in warware maki, ƙanwata. Kowane akawun yana da inji guda da ya ɗauka a matsayin gidanshi, PS5 ɗaya, PS4 ɗaya. Injin da aka ba wannan matsayi, duk wanda ya zauna gabanshi zai buga gem ɗin da aka saya, da intanet ko babu, kuma da kowane suna ya shiga. Shi ne firamare. Wanda ke ɗaya injin kuwa, wato sakandare, sai ya shiga da ainihin akawun ɗin da ya yi sayayya, kuma sai da intanet don a duba lasisi. Sabis ya yanke ya ɗan jima, gem ya kulle, ko kana tsakiyar wasa. Shi ya sa ko wajen masu sayar da gurbi, firamare ya fi tsada. A PS5 kuma da zarar mai akawun ya kunna wannan matsayi a wani sabon inji, tsohon ya sauka da kanshi, ba sai an taɓa shi ba. Abin da ya sami Abba ke nan.

Shamsu Dutsin-Ma: Mu nan mun ga amfanin firamare da idonmu. A 2021 da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da garinmu, duk mai sakandare injinshi ya zama ado a ɗaki. Masu faifai da masu firamare su kaɗai ke bugawa. Tun lokacin ni faifai nake saye, ko na hannu ne. Abinka yana hannunka, in ka gaji ka sayar ko ka yi musaya, ba mai kulle maka shi daga nesa.

Abba Ƙofar Ƙaura: Injina marar faifai ne Shamsu, shi ya fi sauƙin kuɗi lokacin da na saya.

Malam Kabir: Assalamu alaikum. Na karanta daga farko. Alƙawari biyu nake gani a nan, kuma kada mu cakuɗa su. Akwai wanda ke tsakanin Abba da abokinshi, wannan a fili yake: an karɓi kuɗin mutum a kan wani sharaɗi, ba a janye sharaɗin sai da yardarshi. Ƙane ya sayi inji ba hujja ba ce. Sannan akwai wanda ke tsakanin mai akawun da kamfani, wanda dukkanmu muke danna mun yarda ba tare da mun karanta ba. Hadisi ya zo cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ina ganin ya kamata mu riƙa jin nauyin wannan na biyun ma, ba na farkon kaɗai ba.

Sadiq Layout: Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma ina da ja a kan na biyun. Ku buɗe wajen zaɓen ƙasa a PlayStation ku nemo mani Najeriya. Babu ita. A duk ƙasashen da ke kudu da Sahara, Afirka ta Kudu kaɗai suka sa. Kenan duk wanda ke cikin zauren nan mai akawun, ya rubuta cewa yana zaune Landan ko wani gari a Amurka, da adireshin da bai taɓa takawa ba. Injin kuwa da kuɗinmu muka saya, ba kyauta aka ba mu ba. Sun karɓi kuɗin inji, amma ƙofar shagon gem ba su buɗe muna ba. Ta ina za mu cika sharaɗin wanda bai ma san da zamanmu ba?

Shamsu Dutsin-Ma: A nan kam Sadiq na da gaskiya. Ku tuna rigimar Helldivers 2 a watan Mayun 2024. Sony ya ce duk mai buga shi a kwamfuta sai ya haɗa da akawun na PlayStation, sai aka cire gem ɗin daga kasuwar Steam a ƙasashe fiye da 170 da ba su da wannan damar, har da tamu. Sai da Turawa da Amurkawa suka yi ca a kai kafin aka janye dokar cikin 'yan kwanaki. Da mu kaɗai abin ya shafa, ba na jin za a waiwaye mu.

Malam Kabir: Na ji wannan, kuma ban raina ta ba. Wanda aka rufe wa ƙofa ba daidai yake da wanda ya tsallake ta da gangan ba. Abin da nake tsoro shi ne sabo. Yaro ya taso ya ga adireshin ƙarya ba komai ba ne, shekarun haihuwa na ƙarya ba komai ba ne, to gobe maganar da ya yi da abokinshi ma za ta zama ba komai ba.

Anti Ummi Daura: Ni abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya shi ne wannan kalmar tasu ta gida ɗaya. Netflix tun watan Mayun 2023 suka fara matsa wa mutane a Amurka da ƙasashe da yawa cewa akawun na mutanen gida ɗaya ne, alhali su da kansu a 2017 suka wallafa a Twitter cewa raba lambar sirri alamar so ce. To wane gida? Gidanmu na gado a Daura sassa biyar ne. Akwai Hajiya kaka, akwai baffanni biyu da iyalansu, akwai mu, akwai ɗakunan samari a zaure. Tukunyar azumi ɗaya ce, ragon suna tare ake ci. Ƙanena yana karatu a jami'ar Umaru Musa Yar'adua a Katsina, ƙanwata tana aure Zariya amma rabin shekara tana gida. Wanne zan cire daga cikin 'yan gidanmu? Su kuma yadda suke gane gida, da adireshin intanet ɗin da talabijin ke hawa ne da na'urorin da ke shiga. Mu da kowa datar wayarshi yake kunnawa, yau wannan layi gobe wancan, a lissafinsu ko ni da mijina ba gida ɗaya muke ba.

Yaya Nura mai gem: Haka Steam ma suka yi, Anti. Tsarin iyali da suka fito da shi a 2024 mutum shida ne iyaka, kuma in ka fita daga wani iyali ba ka shiga wani nan take, akwai jiran shekara. Mutum shida ai ɗakin uwargida kaɗai ya cinye.

Hafsat: Ku yi haƙuri, ni zan tsaya a ɗaya ɓangaren. Ina aikin tace hoto, na yi da 'yan fim a Kano kafin in dawo gida, na san abin da ake nufi da a ci guminka kyauta. Kasuwar faifan Kannywood mi ya kashe ta? Satar fasaha. A saki fim yau, gobe yana wajen masu turawa a waya a bakin kasuwa, a cika maka memori da kuɗin da bai kai na kwalbar lemo ba, furodusa ko kwabo bai gani ba. Shi ya sa kusan kowa ya koma fim mai dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Yau ma mutum ɗaya zai sauke sabon fitowa ya tura wa layinsu gaba ɗaya ta Xender, ba a ƙirga kallon ko ɗaya ba, kuma da yawan kallo ake biyan masu fim. Kowa cewa yake ai ni kaɗai ne, mi zai rage musu. In muka halatta wa kanmu a kan Sony don yana da kuɗi, da wane baki za mu hana a yi wa namu?

Sadiq Layout: Ba ɗaya ba ne Hafsat. Abba da abokinshi sun biya cikakken kuɗi, dala 70, ba su saci komai ba. Ki lissafa dala 70 a canjin ƙarshen 2024 da ya haura naira 1,500, ya wuce naira dubu ɗari. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Gem guda ya fi albashin wata. In ba a haɗa kuɗi ba, ba wanda zai saya, kamfani ya tashi a tutar babu. Da haɗin gwiwar nan ma suke samun wani abu daga wajenmu.

Hafsat: Mutum biyu na yarda. Amma ka san ba nan abin ke tsayawa ba. Akwai masu sayar da akawun ɗaya wa mutum biyar, shida, kowa a ce mashi kar ka shiga lokaci kaza.

Yaya Nura mai gem: Waɗannan kam ba na kare su. Sun sha kawo mani yara da kuka. A karɓi kuɗin yaro a ce an sayar mashi gurbi, bayan sati biyu kwaɗo ya bayyana, lambar mai sayarwa a kashe. Wani lokacin ma da katin banki na sata aka sayi gem ɗin, mai kati ya kai ƙara, a rufe akawun gaba ɗaya da duk abin da ke ciki. Duk gem ɗin da aka ce maka sabo ne kuma kuɗinshi bai kai kwata na farashi ba, ka riƙe kuɗinka.

Mubarak FF: Yaya Nura wallahi ni ma haka aka yi mani a Free Fire, gem ɗin harbi na waya. Na tara kuɗin aikin hutu na sayi akawun mai tsofaffin kaya wajen wani da muka haɗu a TikTok. Ya ba ni Facebook ɗin da aka ɗaure akawun da shi, na canza lambar sirri, na ɗauka shi ke nan. Har na zuba daimon a ciki, wato kuɗin cikin gem da ake sayen kaya da su. Bayan kwanaki ya dawo da Facebook ɗinshi ta lambar waya, ya toshe ni.

Shamsu Dutsin-Ma: Allah ya mayar maka da alheri, ƙanena. Kuma ba inda za ka kai ƙara, don Garena, kamfanin da ke da Free Fire, sun hana saye da sayar da akawun, in ka faɗa musu saye ka yi, kai ma ka karya doka. Haka PUBG, haka Call of Duty na waya. Ka buɗe naka da imel ɗinka, ka ɗaure shi da lambarka, ka gina a hankali.

Mubarak FF: Na buɗe Yaya, amma sai ka ga kowa a tawaga da kaya masu kyau, kai kaɗai kamar sabon shiga.

Anti Ummi Daura: Kayan ba sa harbi, Mubarak. Ka bar kuɗinka ya yi maka rajistar jarrabawa.

Abba Ƙofar Ƙaura: To jama'a, ga inda aka kwana. Na sami babban yayanshi bayan la'asar a shago, na faɗa mashi komai, na nuna mashi alat ɗin kuɗin da na tura. Ya kira shi a gabana ya yi mashi faɗa sosai. Yayan ya ce gurbi dai an riga an ba ƙanensu, ba ya son rigima a cikin gida, amma za a biya ni. Matsalar ita ce abokin nawa cewa yake ba zai biya rabi cif ba, wai na buga wata da watanni, kuma gem ɗin ya faɗi a kasuwa.

Sadiq Layout: Ya biya cif. Shi ya warware magana, ba kai ba.

Yaya Nura mai gem: A nan zan ɗan sassauta, Sadiq. FC ba kamar sauran gem ba ne, duk shekara wajen ƙarshen Satumba sabo ke fitowa, tun yana FIFA har EA suka rabu da hukumar ƙwallon suka koma FC a 2023. Kafin sabo ya fito, tsohon ya sha ragi iri iri a shagonsu. Ni a ganina, Abba, kar ka tsaya kan abin da ka biya. Ka ce ya ba ka abin da zai saya maka gem ɗin nan a yau a akawun naka na kanka. In ragi ake yi, ya ci sa'a, in ba a yi, shi ya jawo. Kai dai ka koma bugawa, kuma wannan karon imel naka ne. Ka tabbata katin kuɗin da za ka saya na ƙasar akawun ɗinka ne, don na Amurka ba ya shiga akawun na Ingila, kuma ƙasar akawun ba ta canzuwa bayan an buɗe.

Malam Kabir: Wannan sulhu ne mai kyau. Kuma Abba, tunda yayanshi ya shiga, kar ka ƙara kai maganar wani wuri. Zumuncin ya fi gem ɗin daɗewa.

Abba Ƙofar Ƙaura: In sha Allah Malam. Na gode ƙwarai.

Shamsu Dutsin-Ma: Ko kuma ka huta da duk wannan ka dawo eFootball. Tun 2021 da Konami suka sauya wa PES suna kyauta ake sauke shi, a inji da waya. Mu da muka taso da PES a PS2, ana zuba tsabar kuɗi a kan benci mai ci ya zauna, har yau hannunmu ya fi sabawa da shi. Ƙwallon ta fi nauyi, fasin ya fi kama da na gaske.

Sadiq Layout: Kyauta a baki. Ka shiga wasa da mutanen waje ka ga tawagar wanda ya zuba kuɗi. Kuma rabin ƙungiyoyin da sunan bogi suke zuwa. Yaran da ke fitowa daga gidan kallon ƙwallo suna son su ga rigar kulob ɗinsu da sunanta na gaskiya, su ɗauki Osimhen ko Lookman su ci da shi. Shi ya sa FC ke cika gidan gem.

Malam Kabir: Tunda kun kawo zancen zuba kuɗi, wannan ya fi damuna a kan raba akawun. Ɗalibaina suna ba ni labarin wasu jakunkuna da ake saye a cikin gem, ba ka san ɗan wasan da ke ciki ba sai ka buɗe. Ka biya kuɗi tabbatacce a kan abin da ba ka sani ba, ka fito da babba ko ka fito da wofi, ka sake biya. Wannan mi ya raba shi da caca?

Shamsu Dutsin-Ma: Ba ku kaɗai kuka ga haka ba, Malam. Hukumar kula da caca ta Beljiyam tun 2018 ta ce irin waɗannan akwatuna caca ne, kuma a farkon 2019 EA suka daina sayar da makin da ake buɗe su da shi a ƙasar. Mu nan ba mai dubawa. Abin da ya ɗan tsare yaranmu kawai tsadar dala ce.

Anti Ummi Daura: To Malam Nura, tunda ga ka ga mu iyaye, ina da ƙorafi. Ɗana ɗan aji shida na firamare ya dawo yana ba ni labarin wani gem da ake fizge mutum daga mota a gudu, 'yan sanda na bi. A gidan gem na bayan layinmu ya gani. Ba naka ba ne, amma sana'arku ɗaya.

Yaya Nura mai gem: GTA ke nan, Anti, kuma ƙorafinki daidai ne. A jikin kwalinshi an rubuta 18 ɓaro ɓaro, ba don yara aka yi shi ba. Na biyar ɗin tun 2013 yake, kuma tun da aka saki tallan na shida a Disambar 2023 yara ke tambayata yaushe zai zo. Ni a wajena inji ɗaya ne ke da shi, yana can ciki, kuma ba na kunna shi sai bayan isha'i lokacin da ƙanana suka watse. Na rana ƙwallo ce da tseren mota. Lokacin makaranta da na Islamiyya ba na karɓar kuɗin yaro ko da kayan gida ya zo, don na san wasu a jaka suke ɓoye yunifom. Amma ba zan ce kowa haka yake yi ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ke cinye ribar, wasu duk wanda ya miƙo kuɗi miƙa mashi hannun gem suke. Ki aika babanshi ko kawunshi ya sami mai wurin a mutunce, yawanci suna ji in babba ya zo da kanshi. In a gida akwai inji kuma, akwai wurin da ake saita shekarun yaro da awannin da zai buga, ki kawo in saita maki.

Anti Ummi Daura: Babu inji a gida, wayata yake ɗauka. Zan turo kawunshi gobe in Allah ya kai mu.

Mubarak FF: Yaya Nura gasar Asabar tana nan? Kuma FC ne ko eFootball?

Yaya Nura mai gem: Tana nan, bayan la'asar, FC ne, mutum 16, wanda aka ci ya fita. Ba a sa kuɗi a kan wasa, kyautar daga shago take. Mai son shiga ya turo sunanshi kafin daren Juma'a, kuma duk mai hannun gem mai kyau ya zo da shi, biyu daga cikin nawa sandarsu na ja gefe.